Yaƙi da jahilci: rubutun da wani ba ya iya karantawa ba shaida ba ne

Ga cikakken jawabin da wakilinmu ya gabatar a Sukukutane, gaban malaman karatun manya, da manoman albasa, da ƴan kasuwa, da ma'aikatan hukuma.



Masu martaba sarakuna da masu gari, wakilan hukuma, malamanmu na allo da na boko, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina kuma godiya da kuka bar lambu da rumfa da biro kuka zo sauraren ɗanku. An ce in yi magana a kan yadda ake koya wa manya rubutun hannu da ƙa'idar rubutu. Na san akwai masu cewa a ransu, ƙasa na fama da tsadar rayuwa da rashin tsaro, shi kuwa ɗan jarida ya zo yana zancen lanƙwasar harafi. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri har in kai aya, don ina so in nuna cewa a cikin lanƙwasar nan akwai kuɗin mutane, akwai kuma gonakinsu.

Don wa ake rubutu?

Magana tana bukatar mai ita ya kasance a wurin. Idan ba a gane ba, sai a ce ya maimaita. Takarda kuwa tana zuwa inda mai ita bai je ba, tana magana ranar da ba ya nan, ko ya tafi cin rani, ko ya riga mu gidan gaskiya. Saboda haka ne ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Ke nan rubutu shaida ne, shaida kuwa ba ta da amfani sai wani ya iya jin abin da ta faɗa. Wanda ya cika takarda da zane, amma ba mai iya karanta ta sai shi, shi ma ɗin bayan wata uku sai ya yi ta lalube, to har yanzu bai rubuta ba. Wannan ita ce maganata ta yau gaba ɗaya, sauran duk bayaninta ne.

Ku dubi garin nan. Sunan Sukukutane ya shiga littattafan masana aikin gona saboda farar albasarku, kamar yadda sunan Galmi ya shiga saboda tata. Kun fi ni sanin yadda cinikin yake: a ɗauki buhu bashi, a ce sai mota ta dawo, a biya rabi, saura sai kasuwa mai zuwa. Duk wannan a ka ake riƙe shi, ko a kayen mutum ɗaya, kuma wanda kaye ke hannunsa shi ke da gaskiya ranar gardama. Haka zancen gona. Tun daga dokar ƙasar noma ta ranar 2 ga Maris 1993, an tanadi kwamitocin filaye, har zuwa matakin ƙauye, masu ba da takardar shaidar saye, da ta aro, da ta jingina, da ta kyauta. Mutum nawa ne a cikinmu suka dangwala yatsa a kan irin wannan takarda ba tare da sun san ko aro aka rubuta ko sayarwa ba?

Shekara sittin da ƴan kai

Yaƙi da jahilci ba baƙo ba ne a Nijar. A 1963, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka kafa masa ma'aikata ta musamman. A 1966 masana suka taru a Bamako ƙarƙashin UNESCO don daidaita haruffan harsuna shida, har da Hausa, kuma a shekarar ce UNESCO ta tsayar da 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci ta duniya. An buga jaridu don sababbin masu karatu, irin su Gangaa, da Saabon Ra'ayii ta Madawa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Babban taron ƙasa na 1991 ya ɗaga darajar harsunanmu, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda 10, sannan a watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da wannan, alƙaluman UNESCO da Bankin Duniya na ƴan shekarun nan sun nuna cewa a cikin manya goma na ƙasar nan, waɗanda suka iya karatu da rubutu ba su kai huɗu ba, mata kuma su ne a baya.

Dalilai suna da yawa, amma akwai guda da ba a cika faɗa ba. Mun saba ƙirga waɗanda suka shiga aji, da waɗanda suka iya haɗa baƙi da wasali a kan allon malami, da waɗanda suka iya zana sunansu ranar da baƙi suka zo daga Yamai. Ba mu cika tambayar ko mutumin nan zai iya rubuta layi uku da maƙwabcinsa zai karanta ba tare da an fassara masa ba. Rubutu ya fi karatu wuya, ya fi shi cin lokaci, don haka shi ake bari ƙarshen darasi, kuma shi ne farkon abin da ke zubewa idan aji ya watse.

Tarihinmu kansa ya ba mu darasi. A shekarun 1960, lokacin da ƙungiyar UNCC, wadda aka kafa a 1962, ta fara danƙa wa manoman gujiya na ƙasar Damagaram da Maraɗi kasuwanninsu, manoma ne da kansu suka zama masu awo da masu rubuta lissafi. Sun koyi karanta sikeli da cika takarda saboda kuɗin nasu ne, kuma takardar da suka cika ita ake biya da ita. Inda rubutu ke da aiki, hannu yana koyo.

Hannun babba ba na yaro ba ne

Yanzu bari in juyo gare ku, malaman karatun manya. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya ne, amma hannun da ya shekara talatin yana riƙe hauya ko taɓarya ko igiyar guga ya saba aiki da kafaɗa da damtse, rubutu kuwa aikin yatsu uku ne. Shi ya sa za ku ga dattijo ya damƙe bik kamar zai karya shi, ya huda takarda, bayan layi biyu ya ce hannunsa ya gaji. Wannan ba rashin basira ba ne. Maganinsa a fara da babba a gangaro zuwa ƙarami: a zana harafi da yatsa a ƙasa, a koma ƙaramin allo da alli, a koma fensir, bik ya zo daga ƙarshe. Fensir ya fi bik alheri ga mai koyo, don ana goge kuskurensa, babba kuwa ba ya son kuskurensa ya zauna a takarda ƴaƴansa su gani.

Sai kaye. Kayen da muke saye a kasuwa, mai ƴan ƙananan layuka, wani mai sayar da littattafai a Faransa, Seyès, ya tsara shi a 1892 don yaran lakkol, kuma tsakanin layi da layi milimita 2 ne kacal. Mutumin da ya haura shekara 40, wanda idonsa ya fara rage ganin kusa, ba zai iya cusa harafi a wannan matsatsin ba. Ku bar shi ya ci layuka biyu ko uku a harafi ɗaya, daga baya zai rage da kansa. Wanda kuka ga yana nisanta takarda daga fuskarsa, tabarau yake bukata, ba faɗa ba. Tun da a tabarma ake zama, ku sa kowa ya sami allo ko katako ya ɗora kaye a kai, don ba a gyara rubutu a bisa gwiwa. Bahago kuma ku bar shi da hagunsa. A shekarunsa ba ku da lokacin sake masa hannu.

Mu da muka yi lakkol an koya mana rubutun haɗe, mai wutsiyoyi da lauje-lauje, kuma muna jin cewa shi ne rubutun gaske. Ina ba da shawara a ajiye shi. A koya wa babba haruffa a rarrabe, masu kama da na littafi da na salula, don abin da hannunsa ke zanawa ya zama shi ne abin da idonsa ke gani a bugu. Wanda ke da wata huɗu kacal kafin ruwa ya sauka ba a ɗora masa siffa biyu ga harafi ɗaya. Kada kuma a bi jerin a, b, c. A tara haruffa bisa yadda hannu ke tafiya: masu zagaye kamar o, a, c, d, g, masu sanda kamar i, l, t, masu baka kamar n, m, h, r. Idan hannu ya iya motsi ɗaya, ya sami haruffa huɗu ko biyar.

Akwai rikicin b da d, wanda kowane malami ya sani. Ga dalilinsa. Tunkiya, ko gabas ta fuskanta ko yamma, tunkiya ce, kuma haka idon ɗan Adam ya saba ganin duniya tun yana jariri. Sai rana ɗaya a ce masa wannan zanen idan cikinsa na dama b ne, idan na hagu d ne. Ido kaɗai yana daɗewa bai yarda ba. Hannu ne ke raba gardama, domin kowanne da inda ake fara shi. Masu bincike a Marsai ta Faransa, Longcamp da Velay da abokan aikinsu, sun gwada haka a kan yara a 2005, a kan manya kuma a 2008, suka tarar wanda ya koyi sabon harafi ta hanyar zana shi da hannu ya fi wanda ya danna shi a na'ura gane shi daga baya, ya kuma fi shi bambanta shi da juyayyensa. Saboda haka kada ku koyar da b da d a mako ɗaya. Ku bari ɗaya ya zauna daram, sannan ɗan'uwansa ya shigo, sannan ɓ da ɗ su biyo baya.

Da yawa daga cikin ɗalibanku sun yi makarantar allo. Wanda ya wanke allo ya rubuta da alƙalami da tawada ya riga ya san riƙon yatsu, ya san bin layi, ya san cewa ɗigo ɗaya yana sauya harafi. Bai kamata a kira irin wannan jahili ba, balle a zaunar da shi yana zana sanda kamar wanda bai taɓa ganin tawada ba. Abin da yake nema biyu ne: ya juya tafiyar hannu daga hagu zuwa dama, ya kuma saba da cewa a boko wasali harafi ne mai zaman kansa a cikin layi, don za ku ga yana tsallake shi. Irin waɗannan ku mai da su mataimakanku.

Ƙa'ida: kuskuren da ke cin kuɗi, da wanda ba kuskure ba

Na zo kan ƙa'idar rubutu. Hausa ta yi mana sauƙin da Faransanci bai yi ba: kusan kowane sauti da harafinsa. Sunan garin nan da rubutun Faransanci haruffa 13 ne, da na Hausa 10, kuma a na Hausa ba harafin da ke zaune a banza. Amma sauƙin yana da iyaka, kuma ya kamata malami ya raba kurakurai gida-gida, kada ya auna su da mudu ɗaya.

Gida na farko shi ne kuskuren da ke sauya ma'ana, shi ne kuma ba a sassauta masa. Ku rubuta wannan a allo: ya bata kudi. Me aka ce? Idan an raba kalma, ya ba ta kuɗi, wato ya biya matar. Idan an sa lanƙwasa, ya ɓata kuɗi, wato ya salwantar da su. Tazara ɗaya da lanƙwasa ɗaya su ne tsakanin wanda ya sauke bashi da wanda za a kai ƙara. Haka kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, kara da ƙara. Haka harafin da ake ninkawa, kamar baba da babba. Waɗannan uku, wato lanƙwasa, da rabon kalma, da ninki, su ne ginshiƙi. Haruffa masu lanƙwasa tun shekarun 1930 aka tsayar da su a Zariya, zamanin Rupert East da Abubakar Imam, kafin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma ba don ado aka yi su ba.

Gida na biyu ba kuskure ba ne, kari ne. Ba'are yana cewa hwara inda littafi ya ce fara, tahi inda ya ce tafi, munka zo inda ya ce muka zo, shina inda ya ce yana, ɗiya inda ya ce ƴa. Idan uwa ta rubuta “ɗiyata ta tahi”, ta ji sautin bakinta daidai ta kuma zana shi daidai, wato ta yi ainihin abin da ake so mai koyo ya iya. Malamin da ya ja mata jan layi ya koya mata cewa harshen da ta sha a nono kuskure ne, gobe kuma ba lalle ta dawo ba. Abin da ya dace, a watannin farko a karɓi abin da ta rubuta, sannan a nuna mata a gefe yadda littafi ke rubuta shi, a gaya mata dalili: an zaɓi siffa ɗaya ne don takardar Sukukutane ta karantu a Damagaram da Kano, ba don Hausar wani ta fi ta wani ba. Babba yana karɓar ƙa'ida idan an gaya masa amfaninta.

Gida na uku laifinmu ne, mu ƴan boko. Bayan taron Bamako, Nijar ta riƙa ninka wasali mai tsawo, shi ya sa aka rubuta Gangaa da a biyu. Bayan taron Yamai na watan Janairu 1980, wanda ya kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya, aka bar ninkin. A watan Oktoba 1999 ƙudurin ministan ilimi mai lamba 0212 ya tsayar da ƙa'idar da muke kai, inda muke rubuta ƴ a wurin da maƙwabtanmu ke rubuta 'y. Dattijon da ya yi karatun manya a 1970 yana da uzuri idan ya ninka wasali. Wanda ba shi da uzuri shi ne ma'aikacin da ke rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, ya sa ou a wurin u, tch a wurin c, ch a wurin sh, ya manna a bangon asibiti ko a allon kasuwa. Ɗalibi ya fito daga aji an koya masa c ta ci da ciniki, ya tarar da c ɗin ana karanta ta k a sunan garinsu. Wa ya rikita shi?

A nan akwai togiya guda: suna. Sunan mutum a katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa da rubutun Faransanci yake, Ousmane a wurin Usman, Aïchatou a wurin A'ishatu. Ku sa kowane ɗalibi ya zo da katinsa, ya koyi sunansa harafi da harafi kamar yadda yake a kati, ya kuma san na Hausa. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takarda da takarda ya isa ya sa mutum ya yi ta zarya tsakanin nan da Dogondutsi.

Game da shifta, wadda muke kira dikte, mu da muka sha ta mun san dokarta: kuskure biyar, sifiri. Kada a kawo wannan doka ajin manya. A yi shifta gajera kullum, kalma biyar ko jimla biyu, daga cikin abin da suke bukatar rubutawa: buhu, bashi, saura, jingina, ranar kasuwa, sunayen ƙauyuka. Kowa ya gyara tasa da hannunsa yana duban allo. Sannan a yi gwajin da ya fi kowane: su yi musayar kaye, kowa ya karanta na ɗan'uwansa da ƙarfi. Abin da ya karantu ya ci, abin da bai karantu ba a sake.

Lamba ma rubutu ce

Ƴan kasuwa, wannan naku ne. Bakinmu da dala yake ƙirga, takarda kuwa da tamma. Dala ɗaya tamma 5 ce, dala ɗari 500 ce a rubuce, jika ɗaya dala ɗari biyu ce, wato 1000. Sabon mai rubutu ya ji an ce dala ɗari, sai ya rubuta 100, kuma a kunnensa ya yi daidai. Wanda zai karanta kuwa 100 zai gani, ya biya kashi ɗaya cikin biyar. Dole aji ya tsayar da doka guda: abin da ke rubuce a jikin kuɗin shi ake rubutawa, a sa F a bayansa. A kawo kuɗin gaske aji, a ɗora, a faɗa da dala, a rubuta da lamba, har ya zama jiki.

Siffar lamba ma tana da tarko. Mu da Faransa ta koyar muna yi wa 1 dogon baki, muna gitta wa 7 sanda. Maƙwabtanmu na Nijeriya suna rubuta 1 sanda ce tsaye, 7 kuma ba gitta. Ɗayanmu mai dogon baki, a idon ɗan kasuwar Sakkwato, bakwai ce. Wanda ya saba da lambobin Larabci kuma ya tuna cewa biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifirinmu. A takardar bashi, a rubuta kuɗi sau biyu, da lamba da kuma kalmomi, a sa kwanan wata, a sa sunan shaidu.

Bayan an rufe aji

Abin da ba a aiki da shi tsatsa yake. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, wanda ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar tare da masu bincike ƙarƙashin Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka. Duk ƙauyukan sun yi karatun manya iri ɗaya, amma a kusan rabinsu an ƙara koya wa ɗalibai aika saƙo a rubuce da salula, aka ba kowane mutum biyar waya ɗaya. Waɗannan sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan rufe aji, da aka sake gwada su, ratar lissafi tana nan. Wayar ba ta maye gurbin alli ba. Ta ba su wanda za su rubuta wa ne. Yau saƙon murya na WhatsApp ya rage wa mutane wannan bukata, amma ba a kai saƙon murya gaban kwamitin filaye a ce ga shaidar gona. Malamai su nuna wa ɗalibai yadda ake sa madannin Hausa a waya, irin na Gboard, mai ɓ da ɗ da ƙ, don kada waya ta rushe abin da aji ya gina.

Lokacin ajin ma a dube shi. An saba buɗe shi da rani, a rufe kafin shuka. A gari irin wannan rani shi ne lokacin ban ruwa da cirar albasa, shi ne kuma lokacin da samari ke tafiya cin rani. A zauna da ɗalibai su zaɓi sa'arsu, mata tasu, maza tasu. Rabin sa'a na rubutu kullum ya fi sa'a uku sau ɗaya a mako.

Roƙona ga ma'aikata da ƴan kasuwa

Ƴan'uwana ma'aikata, kundin 2025 ya ce Hausa harshen ƙasa ce. Wannan magana za ta tabbata ne ranar da manomi ya kawo takardar koke da ya rubuta da hannunsa da Hausa, aka karɓa, aka buga mata hatimi, aka ba shi amsa, ba a tura shi wajen mai rubuta wasiƙa a bakin ƙofa ya biya ba. Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunku tun gobe. Ku koyi ƙa'idar 1999, mako biyu ya ishe wanda ya yi jami'a. Ku rubuta sanarwarku da ita. Idan za a sa hannu, ku tambayi mutum ko ya iya rubuta sunansa kafin ku miƙa masa tawadar dangwale, ku kuma jira shi ko da zai ɗauki minti biyu. Ku gyara naku rubutun hannun, don akwai takardun asibiti da na biro da ko mu ƴan boko sai mun taru muke karanta su. Hukuma kuma ta biya malaman karatun manya haƙƙinsu a kan kari. Ba a neman haƙurin koyar da dattijo daga wanda bai san abin da zai kai gida ba.

Alhazai ƴan kasuwa, ku ba da rasiɗi da Hausa, ku karɓi na wanda ya rubuta muku. Ƙungiyoyin manoma da na mata masu asusu, ku ba waɗanda suka fito ajin manya riƙon kaye, ku sa mutum biyu su rubuta, na uku ya karanta a gaban kowa. Mai gaskiya ba ya asara da wannan. Abokin cinikin da ya iya duba lissafi ya fi daɗewa da kai, don zargi ba ya shiga tsakaninku. Katon ɗaya na kaye da fensir bai kai kuɗin buhun albasa nawa ba, ku kuwa kun san aji nawa zai riƙe.

Iyayena da kuke cikin ajin, ku ne kuka fi kowa ƙoƙari, don ba ƙaramin abu ba ne mai jikoki ya zauna ya ce bai sani ba, a koya masa. Kada ku ji kunyar harafin da ya karkace. Ba a neman ya yi kyau, ana neman ya karantu. A ƙarshen wannan zango, ina roƙon a auna kowane aji da abu ɗaya: kowane ɗalibi ya rubuta takardar bashi ta layi huɗu, da suna, da kuɗi, da kwanan wata, a kai ta wani ƙauye, a ba wanda bai san shi ba ya karanta. Idan ta karantu, malami ya yi aikinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.